Filin Kasuwa da Sana'a: Dabara ce ke riƙe kamfani, ko mutanen da ke cikinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matashi ne a Tudun Wada, shekara biyu ke nan da na gama Poli, aiki bai samu ba. Ni da ɗan kawuna mun haɗa jari, kusan naira miliyan 2, za mu fara zuba kunun aya a gora mai tambari, mu riƙa kai wa ofisoshi da makarantu. Sai muka sami saɓani. Akwai wata baiwar Allah a layinmu, ta fi shekara goma tana kunun aya, duk unguwa an san hannunta. Ni na ce mu ɗauke ta, mu biya ta da kyau, ko ma mu yanka mata kaso. Shi kuma ya ce sam, dabarar ita ce dukiyarmu, in muka shigo da ita za ta gane sirrin ta je ta buɗe nata. Wai gara mu ɗauki yara biyu masu araha mu koya musu, sauran kuɗin mu zuba a firiza da tambari da talla a Facebook. Yau kwana uku ba ma magana. Baba, a harkar kamfani wanne ne gaba, dabara ko mutane?

Daga ɗanka, Tudun Wada, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Amin, na gode da addu'a. Kafin komai, ka tashi ka je ka gaida ɗan'uwan nan naka yau, kada a shiga kwana na huɗu. Kunu bai kai ya raba zumunci ba, balle wanda ko ayarsa ba a jiƙa ba tukuna.

Ina bayanka a wannan magana: ku nemi matar nan. Sai dai akwai wurin da ɗan kawunka yake da gaskiya, kuma zan zo kansa, don haka in so samu ne ku karanta amsar nan tare.

Bari in fara da abin da yake kira sirri. Ka san Panteka, ba nisa da ku. Ɗauki kowane irin inji, na niƙa ne, na matsar man gyaɗa ne, ka dire shi gaban maƙeran wurin. Za su zagaya shi, su kwance, su auna, kafin sati ya zagayo sun ƙera maka ɗan'uwansa. Haka dabara take a garin nan. Ranar da gorarku ta farko ta hau teburin wani ofis a Titin Ahmadu Bello, ranar sirrinku ya ƙare. Duk wanda ya sha ya gani, wanda ya fi ku jari kuma zai buga tambarin da ya fi naku ƙyalli. Abin da ba zai iya kwaikwaya cikin sati ba shi ne hannun matar nan. Ita ta san ayar da ta jiƙu daidai da wadda ta fara wari. Ta san yadda ake tsince tsakuwa da ruɓaɓɓiya, ta san dabino nawa ke isar mudu, ta san in mai inji ya niƙa tattasai ko wake bai wanke da kyau ba, kunun ranar ya tashi aiki. Ta san a zafin Afrilu awa nawa gora ke yi a waje kafin ta fara kumbura. Kunun aya ba shi da haƙuri ko kaɗan, da safe yana ƙamshi, da azahar ya yi tsami. Yaran nan biyu masu araha, wa zai koya musu duk wannan? A wasiƙarka ban ga inda ka ce kai ko shi kun taɓa tace ko bokiti ɗaya ba.

Ba na ganin laifin ɗan kawunka, domin ni ma na taɓa yin irin tunaninsa, kuma na ji a jikina. Da na bar masaƙa a Kakuri, kuɗin sallamata na tattara na buɗe ɗan ƙaramin gidan burodi ta wajen Kawo. Ina da dabarar da nake ji da ita sosai: burodi mai kwakwa da madara, cikin leda mai zane, na manyan shagunan Unguwar Rimi da Malali. Na cika littafi guda da lissafi. Ma'aikata kuwa ban tsaya zaɓe ba, duk wanda ya zo na ɗauka, cikin ikon Allah sai aka dace da wani dattijo mai kwaɓi wanda ya tsufa a bakin tanda, da wani yaro mai kai burodi a babur. Wata huɗu muna yi, burodi yana dawowa. Kullum da la'asar yaron nan zai sauke wanda bai shiga ba, ya jera a kan benci, ya ba ni lissafi, ya tafi. Ban taɓa ce masa, me masu shago suke cewa ba. Kuɗi kawai nake ƙirgawa.

Wata rana bayan kowa ya watse sai ya tsaya. Ya durƙusa a bakin ƙofa, makullin babur a hannunsa yana jujjuyawa, ya ce, "Alhaji, in ba za ka yi fushi ba ina da magana." Ya ce masu shayin da yake wucewa ta gabansu a tashar Kawo da Mando kullum sai sun tare shi. Suna neman burodi mai nauyi, mara zaƙi sosai, wanda in an yanka ba ya marmashewa, ya riƙe ƙwai da bota, kuma ya iso musu kafin a fito daga sallar asuba. Ya ce, "Namu ɗin nan, Alhaji, mutum sau ɗaya yake saye a sati. Mai shayi kuwa kullum ne, safe da dare."

Raina ya ɓaci. Na ce masa aikinsa tuƙi ne, ya tsaya a nan. Kalmar nan har yau tana damuna. Washegari da asuba na shiga wurin kwaɓi, dattijon nan yana aiki, ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Ba ni buhu ɗaya in gwada." Kunyar furfurarsa ce ta sa na amince. Ya cire kwakwa, ya rage sukari, ya daɗe yana murza ƙullin a inji har ya yi danƙo, ya yanka shi daidai girman da mai shayi zai raba biyu. Kafin hantsi babu ko ɗaya a kan benci. Burodin masu shayin nan shi ya riƙe gidan shekara da shekaru, da shi na biya kuɗin makarantar 'ya'yana, da shi na aurar da su.

To ka duba da kyau. Dabara ce ta cece ni, ba na musu. Amma daga ina ta fito? Daga bakin wanda yake tsayawa gaban mai saye kullum, da hannun wanda ya san ƙulli. Tawa, wadda na kwana ina tattali, wata huɗu ta yi ta mutu. Abin da na koya ke nan, kuma na sha ganinsa a wurin wasu bayan nan: dabarar da aka buɗe kamfani da ita ba kasafai take zama wadda za ta ciyar da shi ba. Sai an yi ta gyara, an rage nan an ƙara can, masu gyaran kuma su ne mutanen da ka tara. Ku ma ina kyautata zaton bayan wata shida za ku tarar ofisoshin ba su ne kasuwarku ba, watakila gidajen biki ne, watakila masu buɗa-baki a watan azumi. Wanda zai fara gano haka shi ne mai kai kaya, in kun bar shi ya yi magana.

Kakanninmu ma sun nuna mana wannan. Lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, auduga Turawa suke buri, don masaƙunsu na Ingila. Manoma suka duba suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya cin ta a gida, suka karkata can. Su wa suka fi cin moriyar wannan sauyi? Fataken goro, waɗanda suka saba hanyar Gwanja, domin su ke da yara amintattu da za a danƙa wa kuɗi su shiga ƙauye su dawo da kaya cif. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga goro ya faro kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Haja ta sauya, mutanen dai su ne. Haka abin yake a wasu ƙasashe. Samsung da wayarsa ke aljihun matasan Kaduna da yawa, a 1938 busasshen kifi da kayan abinci yake fatauci a Koriya. Toyota kuma daga gidan ƙera injin saƙa ya fito, sai a 1937 aka kafa kamfanin motar.

Zan ɗan tsaya a kan Toyota, domin tsohon ma'aikacin masaƙa ne ni, labarin yana taɓa ni, kuma a cikinsa akwai abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Duk wanda ya tsaya gaban injin saƙa ya san masifar tsinkewar zare. In zare ɗaya ya tsinke ba a lura ba, inji ya ci gaba da bugu, sai a saƙa yadi mai tsawo da aibi a jikinsa, duk ya tafi a banza. Sakichi Toyoda ya ƙera injin da ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. Da iyalinsa suka koma mota sai suka tafi da wannan tunani: suka rataya igiya a saman layin haɗa mota, kowane lebura in ya ga abin da bai yi daidai ba yana da ikon ja, shugabansa ya zo da gudu, in matsalar ba ta warware nan take ba layi ya tsaya.

A garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka, kamfanin General Motors yana da wata masana'anta da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yajin aiki da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota. Mafi yawan ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin wurin ne, waɗanda aka ce ba su da amfani. Aka kai wasunsu Japan suka ga yadda ake yi, aka ba su igiyar nan, aka ce in ka ga ɓarna ka ja, ba wanda zai hukunta ka. Cikin ɗan lokaci motocin da ke fita daga wurin suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Ginin bai sauya ba, mutanen ba su sauya ba. Yadda ake riƙe su ne ya sauya.

Shi ya sa in na ce mutane, ba ina nufin ka tara gwanaye ka rufe musu baki ba. Kodak, sarkin fim ɗin hoto, injiniyansu ne ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975. Ga dabara a gida, ga mai ita a gida, amma manya suna tsoron kada ta kashe musu cinikin fim, suka yi ta jan ƙafa har wasu suka wuce su, a 2012 kamfanin ya je kotu yana neman kariya daga masu bin sa bashi. Ni ma saura ƙiris in yi wa yaron babur ɗina haka. Idan kuka ɗauko matar nan, ranar da ta ce muku kunun yau kada a fitar da shi, ya juya, alhali an riga an zuba gora ɗari, wannan ranar ce jarrabawarku. In kuka ce a rufe a kai haka nan, kun yi asarar kuɗin da kuke biyan ta, domin ba za ta ƙara faɗa muku ba.

Yanzu ga inda ɗan kawunka yake da gaskiya, kuma kada ka raina ta. Mutanen kirki ba sa iya ceton harkar da lissafinta bai fita ba. Ni shaida ne. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, Arewa Textiles da UNTL da sauransu, har Kaduna ta zama garin masaƙu. Lokacin tashi daga aiki, kekuna ne ke cika titi ba masaka tsinke. Akwai makanikan da in inji ya canza ƙara, daga nesa za su faɗa maka abin da ya lalace. Duk gwanintar nan ba ta hana KTL rufewa a 2002 ba, UNTL ma ta tsaya a 2007. Rashin lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da atamfar fasa-ƙwauri mai araha sun fi ƙarfin hannun ma'aikaci. Na san magidanta da dama da suka koma acaɓa da gadi, ba don sun kasa aikinsu ba.

Don haka maganarsa ta firiza gaskiya ce tsantsa. Kunun aya ba sanyi gawa ne. Ku zauna da biro da takarda ku fitar da abin da gora ɗaya za ta ci: aya, dabino, kwakwa, niƙa, gorar kanta, man janareta ko kuɗin sola, man babur, ladan ma'aikata, da wanda zai lalace a zubar, domin dole wani ya lalace. In kuka haɗa kuka ga farashin ya wuce abin da ma'aikacin ofis zai iya cirewa kullum, to ko wa kuka ɗauka ba za ta fita ba, sai ku sake shawara tun kuɗinku na hannu. Tambari mai tsada da tallan Facebook su jira. Ku fara da gora hamsin a rana na wata guda ku ga abin da kasuwa za ta ce. Rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta da wuya. Lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC, kuwa, wadda manyan shaguna za su tambaye ku, sai an zo an duba wurin da kuke aiki da tsaftarsa, ku sa wannan a lissafi tun yanzu.

Tsoronsa na cewa za ta tafi ta yi nata, ka tuna masa cewa tana yin nata tun kuna makarantar firamare. Ku ne kuke buƙatarta. Abin da za ku kawo mata shi ne abin da ba ta da shi: sanyi, gora, babur, da kasuwar da ta wuce layinku. Kada ku aika mata yaro, kada kuma ku je ku biyu kuna mata maganar albashi a tsaye a zaure. Ku sa mahaifiyarka ko gwaggonku ta shiga ta fara yi mata bayani, a nemi yardar maigidanta in tana da aure, sannan ku zo ku gaishe ta a matsayin uwa. Ni da za a bi tawa, a haɗa mata biyu: ɗan abin da za ta riƙa karɓa duk wata, da kaso a riba, ko yaya yake. Mai kaso ba ya barin aya ta ruɓe. Kuma a rubuta, da shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba a ce sai da baƙo ba. Kai da ɗan kawunka ma ku rubuta naku: nawa kowa ya zuba, wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe littafi, yaya za a yi in ɗaya ya ce zai fita. Wajen zaɓen sauran ma'aikata kuma ma'auninmu yana nan a Suratul Ƙasas, aya ta 26: mai ƙarfin aikin, kuma amintacce. Ka rubuto mini bayan wata uku in ji yadda kuka ƙare.

TAMBAYA

Baba, ina wuni. Ni tela ce a Rigasa. Yarinyar da na koya wa ɗinki shekara huɗu ta bar ni ta buɗe shago a bayan layinmu, irin ɗinkina take yi sak, har wasu kwastomomina sun koma wurinta. Zuciyata ta ƙi sanyi. Ba satar dabara ba ce wannan?

Daga 'yarka, Rigasa

AMSA

Lafiya lau, 'yata. Na san da zafi, shekara huɗu ba kwana huɗu ba ce, kuma in ta tafi ba sallama ta yi kuskure. Amma ɗinkin da kike kira naki, gobe za ki gan shi a wayar kowace amarya, ba ta hannunta kaɗai zai fita ba. Tambayar da zan yi miki ita ce: da ta cika shekara uku, kin taɓa zaunar da ita kin ce mata ga ranar da zan yaye ki? A al'adarmu yaron shago ba ya dawwama, ubangida ne ke sallamarsa da jari ko kayan aiki da albarka. In ba a sa rana ba, yaro shi zai sa wa kansa. Kuma sauran yaran da ke gabanki yanzu suna kallon yadda za ki yi da ita, daga nan za su san abin da ke jiran su.

Yaron babur ɗin da na ba da labarinsa a sama, shi ma ya bar ni bayan shekara bakwai, ya buɗe nasa gidan burodin ta hanyar Rigacikun, burodin masu shayi yake yi irin namu. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. A na uku na sa aka ɗora tsohon injin murzarmu a a-kori-kura na kai masa da kaina, na sa masa albarka. Bayan nan tare muka riƙa sayen fulawa mota guda muna rabawa, ta fi sauƙi, ranar da tandata ta fashe ana saura kwana biyu Sallah kuma a tasa aka gasa mini. Ki dafa abinci ki kai mata shagon, ki ɗauki almakashi sabo ki ba ta a gaban mutane. Watan azumi na tafe, ɗinki zai fi ƙarfinki, wanda ba za ki iya gamawa ba ki tura mata ku raba ladan.